Yadda zaka sa akunka ya saba da baƙi ba tare da an zubar da jinin kowa ba

Duk wanda ya ajiye aku a gida ya san wannan abun. Baƙo ya shigo, ko zama bai yi ba ya hango keji, sai ka ji "kai, aku ne? yana magana?" kafin ka buɗe baki ya riga ya isa gaban kejin ya zura yatsa yana ta "aku mai bakin magana, ce sannu, ce sannu mana". Daga nan ɗayan biyu ne, ko tsuntsun ya faɗo daga kan sandarsa yana bugun ƙarfe da fiffike yana wani irin gurnani kamar ana jan tsohuwar ƙofar langa-langa, ko kuma ya tsaya cak ya bari yatsan ya iso sannan ya damƙe shi da bakin nan da yake ɓare kwakwar manja da shi. Ni nawa na biyun ya yi wa kawuna ranar wata ƙaramar Sallah, jini har kan hannun babbar riga, kuma har yau in aka yi maganar akun a gidansu sai ya ce ai mugun tsuntsu ne. Ba mugu bane wallahi, laifina ne, ni ne ban tare Kawu a bakin ƙofa na faɗa masa yadda ake yi ba saboda ina jin nauyinsa.

To abun da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne rabin aikin nan ba akun zaka horar ba, baƙon zaka horar. Sauran rabin kuma tazara ce da haƙuri. Zan fi yin magana akan aku mai ruwan toka da jar wutsiya tunda shi aka fi ajiyewa a gidajenmu kuma shi na sani, amma mai tsirya ko wani ƙaramin aku kore shima zai iya bin wannan hanyar.

Fara da sanin wane irin tsuntsu ne a hannunka

Aku a daji abinci ne ga wasu, shaho na nemansa, maciji na hawa ramin bishiyar da yake ƙwai, mutane na kafa masa tarko da danƙo. Idanunsa a gefen kai suke don ya riƙa hango abun da zai kawo masa hari, saboda haka in wani ƙato ya tunkaro shi kai tsaye ya kafe shi da ido biyu ya miƙo hannu daga sama, a wajensa wannan ba gaisuwa bace, farauta ce. Kuma mai jar wutsiyar nan ya yi suna wajen tsoron sabon abu, sabon kwanon ruwa kawai zaka saka masa ya kwana biyu yana hararar kwanon daga nesa.

Sai ka tambayi kanka daga ina ya fito. Gaskiyar magana yawancin waɗanda ake gani a kasuwannin tsuntsaye a ƙasar nan kamun daji ne daga kurmin kudu da Kamaru da Kongo, an cusa su a akwati, da yawa sun mutu a hanya, wanda ya rayu hannun mutum na farko da ya sani shi ne wanda ya fizge shi daga reshe. Wanda maciji ya taɓa sara ai ko tsumma ya gani sai ya zabura. Irin wannan zai iya cin wata shida ko shekara kafin ya yarda da kai kanka balle baƙo. Wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo aka ciyar da shi da hannu tun yana ɗan tsako shi abun yafi zuwa masa da sauƙi. Ka duba idonsa ma, ƙaramin aku idonsa baƙi-baƙi ne, yana girma yana komawa toka-toka, babba kuma ruwan ɗorawa mai haske, in mai sayarwa ya ce maka jariri ne alhali idon ya yi rawaya to ya yi maka wayo. Kuma tunda zancen ya zo, a shekarar 2016 taron yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, da aka yi a Afirka ta Kudu ya saka wannan akun a rukunin farko, wato an hana cinikin kamun daji tsakanin ƙasashe tun farkon 2017, saboda ana neman ƙarar da su a daji. Wanda ke hannunka ka riƙe shi amana, zai iya kai shekara 40 zuwa 60 in ya samu kulawa, amma dan Allah kar ka je ka ƙaro wani kamun dajin.

In tsuntsun bai cika sati huɗu zuwa shida a gidanka ba, ko ba ya cin abinci sosai, ko yana zama a kumbure yana gyangyaɗi da rana, ko kashinsa ya canza, ajiye maganar baƙi gefe ka nemi likitan dabbobi tukuna. Tsuntsu yana ɓoye ciwo sosai, kuma mara lafiya cizo yake.

Koyi karanta jikinsa, nan ne komai yake

Labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuma aku a tambayi gashi da ido. Masu cewa "haka kawai ya cije ni ba dalili" yawanci ya yi musu gargaɗi sau uku basu gani ba.

In hankalinsa a kwance yake zaka ga gashin ya ɗan saki ba a ɗame ba, wani lokaci ya ɗage ƙafa ɗaya ya ɓoye a ciki, yana gyaran gashi da baki, yana miƙa fiffike ɗaya da ƙafa ɗaya tare, yana 'yan surutai ƙasa-ƙasa ko fito, da yamma kuma ka ji yana goga bakinsa na sama da na ƙasa ƙurus ƙurus, wannan alamar jin daɗi ce. Babbar alamar da nafi yarda da ita kuwa cin abinci, tsuntsun da ke cikin tsoro ba ya ci, in ya karɓi abu ya ci a gaban mutum to tazarar da mutumin yake ta yi masa daidai.

In tsoro ne, gashin zai manne a jiki ya koma siriri dogo, ido a buɗe tar, ya karkata jiki baya ko ya koma can ƙuryar keji ya manne da ƙarfe, yana waige-waige yana neman hanyar gudu, numfashi sama-sama, in abun ya yi yawa sai gurnanin nan. In kuma faɗa ya shirya, sai ya kumbura gashin wuya da na baya, ya baza wutsiya, ya sunkuyar da kai baki a ɗan buɗe, ƙwayar idon tana tsukewa tana buɗewa da sauri da sauri. Wannan wasan ƙwayar idon ka lura da shi da kyau, yana yinsa in yana murna ko zai yi magana, yana kuma yinsa in zai yi cizo, sai ka haɗa da sauran jikin kafin ka yanke hukunci. Akwai kuma wata yaudara da nawa ya ƙware a kai, ya sunkuyar da kai kamar yana so a sosa masa amma idon na kallon sama yana bin yatsa, mai son susa na gaskiya idonsa lumshewa yake gashin kai ya tashi a hankali. Ka ɗau kwana uku huɗu kana zaune kana kallonsa kawai, in ka samu dama ka ɗauki bidiyo da waya ka sake kallo, zaka sha mamakin abubuwan da idonka ya tsallake.

Aikin da zaku yi ku biyu kafin wani ya shigo ciki

Abu na farko nemo tukuicinsa. Zuba masa abubuwa kala-kala a faranti, ɗan dabino, ayaba, gwanda, ɗanyar masara, kashu mara gishiri, gyaɗa, ka ga wanne yake fara ɗauka kwana uku a jere. Wannan abun sai ka cire shi daga abincin yau da kullum gaba ɗaya, ya zama ba ya samunsa sai lokacin darasi, daga baya kuma sai daga hannun baƙo. Ka riƙa yanka shi ƙanana kamar ƙwayar dawa ko ɗan fi haka, don kar ya ƙoshi tun a zagaye na uku. Maganar gyaɗa kuma a yi hattara, wadda ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta kuma fumfunar kanta tana kama hanyar numfashin aku, in zaka bayar ka zaɓi mai kyau busasshiya irin wadda kai ma zaka ci, kaɗan kuma.

Na biyu koya masa hawa sanda. Samu sanda mai kaurin babban yatsa ko fi, tsawon kamu biyu, ka kawo ta gaban ƙirjinsa ɗan sama da ƙafafu ka ce "hau", tukuicin na ɗaya hannun ta yadda sai ya tako sandar zai kai gare shi. Ya ɗora ƙafa ɗaya ma ka ce "yauwa!" ka bashi nan take. Kalmar nan ta yauwa kar ka canza ta, ita ce ke gaya masa daidai wannan abun da ka yi shi ya jawo maka lada. Kar ka tura sandar cikin cikinsa da ƙarfi don ka tilasta shi, in ya kauce ka janye ka sake gwadawa anjima. Amfanin sandar shi ne duk wanda zai ɗauke shi nan gaba ba sai ya miƙa fatarsa ba, kuma mutumin da ba ya tsoron cizo hannunsa ba ya rawa.

Na uku, in kana da ƙarfin hali, wasan taɓa tsinke. Tsinken tsire ka gutsire kaifin, ka nuna masa, da ya taɓa bakin tsinken da bakinsa ka ce yauwa ka bashi. Cikin 'yan kwanaki zaka ga yana takowa daga wancan gefen keji don ya taɓa. Wannan wasan ne zaka miƙa wa baƙo daga baya, saboda abu ne da tsuntsun ya riga ya san dokarsa, mutumin ne kawai sabo. Darasi kar ya wuce minti biyar zuwa goma, sau biyu a rana ya isa, kuma kafin cin abinci yafi, ba wai ka bar shi da yunwa ba.

Wurin keji shima ka gyara. Gefe ɗaya ya jingina da bango, in da hali a kusurwa, tsayin sandar zamansa ya kai wajen ƙirjin mutum, kar a ajiye shi a ƙasa kowa na tsallakawa ta kansa, kar kuma a bakin ƙofar da mutane ke faɗowa ba sallama. Ka rufe kusurwa ɗaya ta sama da zani ya zama yana da inda zai shige in ya gaji da kallo. Barci kuma awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru, akun da ake kallon ƙwallo a kansa har sha biyun dare washegari a fusace yake tashi kamar kowa.

Baƙon farko, kai zaka zaɓe shi

Ba wanda ya faɗo zaka fara da shi ba. Nemi mutum ɗaya mai sanyin hali mai jin magana wanda zai iya zuwa sau biyu ko uku a sati, ƙaninka ko maƙwabci ko wata 'yar uwa, ba mai ƙarar murya ba, ba kuma mai cewa "ni ai dabbobi sona suke" ba, irin waɗannan su suka fi shan cizo. Tun a waje zaka gaya masa dokoki, kar ya kalli tsuntsun ido cikin ido, kar ya nufi keji, kar ya miƙa hannu, kar ya yi masa magana ma a ranar farko. Ya wanke hannu da sabulu. In mai kiwon kaji ne ko tattabaru ko ya biyo ta kasuwar kaji, ya canza riga ya bar takalmi a waje, wannan ba wulaƙanci bane, cututtukan tsuntsaye a jikin kaya da takalmi suke yawo, masu kiwo basu manta murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a farkon shekarar 2006 ba, ga kuma cutar nan mai karkatar da wuyan kaji da ke share garke lokacin sanyi, aku ma tana kama shi.

Ranar farko ku zauna can nesa, taku biyar ko shida, baƙon ya ba kejin gefe, ku yi hirarku ta duniya kamar babu tsuntsu a ɗakin. Kai kana satar kallonsa. In ya ci gaba da harkarsa ko ya karɓi tukuici daga hannunka ya ci, tazarar ta yi. In ya ɗame ya ƙi ci, ku ja baya har sai ya saki jiki, in ɗakin ya ƙare bai saki ba baƙon ya koma bakin ƙofa ko tsakar gida inda ake jin muryarsa kawai. Minti goma sha biyar ya isa, ya tashi a hankali ya tafi. Shikenan darasin ranar, na san zaka ji kamar ba a yi komai ba, an yi, tsuntsun ya koyi cewa wannan mutumin ya zo ya tafi ba abun da ya same shi.

Kowane zuwa sai a matso da kujera taku ɗaya, ba fi ba. Duk ranar da ya nuna tsoro a koma inda aka tsaya a zuwan baya. Wani akun zuwa kaɗan an iso gaban keji, wani sati shida, kar ka haɗa naka da na wani da ka gani a TikTok yana hawa kan kowa.

Da an iso kamar taku ɗaya daga keji yana ci yana gyaran gashi, sai a shiga ba da tukuici. Amma ba hannu da baki ba tukuna. Ka saƙala ɗan kofi a jikin keji ta gefen da baƙon zai wuce, ya zo ta gefe, ya jefa abun a kofin, ya wuce abunsa ba tsayawa. Sau biyar shida a zama ɗaya. Abun da kake jira shi ne ranar da tsuntsun zai hango mutumin ya tako da kansa zuwa wajen kofin tun kafin a jefa, in ka ga haka to an ci rabin yaƙi. Daga nan sai a koma dogon cokali ta tsakanin ƙarafa, sannan yanka mai tsawo kamar siririn yankan gwanda ko karas wanda baƙon zai riƙe ƙarshensa yatsunsa na nesa da baki. Hannun ya tsaya wuri ɗaya ɗan ƙasa da bakin tsuntsun, tsuntsun ne zai miƙo wuya, in bai zo ba cikin daƙiƙa biyar a janye, kar a bi shi da abun cikin keji ana "ungo, ungo mana". Sai wasan tsinke, baƙon ya riƙe tsinken ya ce yauwa ya bayar, daidai yadda kake yi.

Fitowa waje da hawa hannu

Kafin ka buɗe keji, kashe fanka. Na sake faɗa, kashe fankar sama, ko an ɗauke wuta ka kashe makunnin don kar a kawo tana kunne. Rufe ƙofa da taga, saki labule a kan gilashi da madubi, fitar da kyanwa, a tabbatar ba tukunya a wuta ko bokitin ruwa a buɗe kusa. Ko an rage masa gashin fiffike kar ka yarda da shi, tsuntsun da ya firgita in ya samu iska zai tashi fiye da yadda kake zato, kuma gashin yana sake fitowa ba tare da ka lura ba.

Ka ɗauke shi da kanka ka kai shi wani wuri nesa da keji, bayan kujera ko wata sandar tsayawa, in da hali wani ɗakin ma, saboda aku da yawa suna kare kejinsu kamar gida, wanda zai yi cizo a bakin keji sai ka ga ya yi laushi a falo. Sai ku yi masa wasan kwaikwayo. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, wadda ta sayi wani aku mai suna Alex a 1977 ta yi aiki da shi shekara talatin har ya mutu a 2007, da mutum biyu take koyar da shi, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa ana bashi lada tsuntsun na kallo, har kishi ya sa shima ya shigo. Ita kalmomi da launuka take koya masa, amma dabarar kallon tana aiki a nan ma, ka miƙa wa baƙon dabino ya karɓa ya ci kuna dariya, ya miƙo maka sanda ka taɓa ya ce maka yauwa, eh zaku yi kama da mahaukata amma tsuntsun na lura da cewa kai ka yarda da mutumin nan.

Sannan baƙon ya miƙa sandar ya ce hau, kai kana tsaye a gefe. Ya hau, yauwa, tukuici, daƙiƙa uku a mayar da shi inda yake. Gajere gajere haka, ana ƙara tsawon lokacin a hankali. Sai an yi wannan a zama da yawa lafiya sannan a gwada hannu, kuma ka gaya wa mutumin tun kafin, aku yakan fara kama abu da baki don ya gwada ƙarfinsa kafin ya ɗora ƙafa, bakin nan hannunsa ne na uku, in ka fizge hannu a lokacin zai faɗi, kuma gobe ba zai yarda da hannun ba ko ya riƙe da ƙarfi don kar a sake fizgewa. Wanda ya san zai fizge ya tsaya a sanda, ba abun kunya bane. Hannun a dunƙule yatsu a haɗe, gwiwar hannu a ƙasa don kar tsuntsun ya samu gangaren hawa kafaɗa.

Kafaɗa kam haramun ce ga baƙo a gidana. A can ba ka ganin idonsa balle ka karanta shi, ga kunne ga leɓe ga ido a kusa, ga 'yan kunne da sarƙa da tabarau masu ƙyalli da yake son ja. Sumbatar baki ko ba shi abinci daga baki shima a'a, ƙwayoyin cutar bakin mutum ba su yi wa tsuntsu daɗi, leɓe kuma in ya tsage sai ɗinki.

Shafa ita ce ta ƙarshe kuma ba dole bace. In tsuntsun da kansa ya sunkuyo ya tada gashin kai, a sosa kai da wuya kawai da yatsa ɗaya. Baya da ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya a bar su, ga balagaggen aku shafa wajen nan saƙon neman aure ne, yana tada masa sha'awa ya koma kishi da cizo.

Daga mutum ɗaya zuwa jama'a

Ya saba da ƙaninka ba yana nufin ya saba da mutane ba, ya saba da ƙaninka ne kawai. Sai ka sake bin matakan da mutum na biyu da na uku, amma zaka ga kowane sabo yafi na baya sauri. Ka riƙa canzawa, mace, namiji, dattijo mai gemu, mai tabarau. Sutura ma abun lura ce, babbar riga in aka ɗaga hannu aka naɗa ta a kafaɗa kamar wani ƙaton tsuntsu ne ya buɗe fiffike, haka rawani, malafa, niƙabi, hular kwano ta masu babur, lema, sandar dogarawa, har jan lalle ko farce mai launi wani akun yana tsorata da su. Dabarar da ta yi min aiki ita ce ni in saka abun da kaina yana kallo in cire in sake sakawa ina bashi tukuici, hular kwano sai da ta kwana uku a kan kujera can nesa kafin ya daina mata gurnani.

Yara kuma sai an tsaya a kansu ƙafa da ƙafa. Suna gudu, suna ihu, suna zura kara cikin keji, kuma yatsansu ƙarami ne cizon da zai yi wa babba rauni kaɗan su zai iya yi musu illa sosai. Yaro ya zauna a ƙasa ko kan kujera hannu a cinya, ya yi masa waƙa ko fito, in ya nutsu a bashi damar jefa tukuici a kofi, iyakarsa kenan sai ya yi hankali. Ka saka ɗan kwaɗo a ƙofar keji don ranar da ba ka gida.

Manya su ne matsalar gaske saboda kunya. Ya zaka ce wa surukinka kar ya taɓa? Ni yanzu tun a zaure nake cewa "Baba, tsuntsun nan yana da cizo, na fi so ku zauna daga nan shi zai fara gaishe ku", ko "Hajiya, ga wannan ku jefa masa a kofi, ta nan yake sanin mutum". Ka ba mutum abun yi sai ya manta da zura yatsa, kuma baka ce masa kar ba balle ya ji haushi.

Ranar suna ko biki ko yawon Sallah kuwa ba ranar darasi bace sam. Ɗauke kejin tun da safe ka kai ɗakin da ba mai shiga, ruwa da abinci da abun tauna, ka kulle ka saka makulli a aljihu. Dalili ba hayaniya kaɗai bace. Turaren wuta, hayaƙin sigari da shisha, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, turaren fesawa, hayaƙin janareto, da tukunyar nan da abinci ba ya kamawa in ta yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci saboda numfashinsu ba irin namu bane, bayan huhu suna da jakunkunan iska a jiki, abun da ke cikin iska yana shigarsu sosai. Ga kuma masu kyauta, wani dattijo da zuciya ɗaya zai ɓantari goro ya miƙa masa, goro kuwa sinadarin da ke hana barci a cikinsa guba ne ga aku, haka shayi da kofi da lemon kwalba mai baƙi da cakulan, fiya kuma tana iya kashe shi, albasa da tafarnuwa da abu mai gishiri da yawa kamar cincin ɗin gishiri ko ƙilishi suma a nisanta.

In an yi cizon fa

Za a yi wata rana, ko kai ko wani. Kar a yi ihu, kar a wurgar da shi, kar a doke shi ko a ɗalle masa baki ko a watsa masa ruwa, duka ba ya koya wa aku komai sai tsoron hannu, ihu kuma wani akun daɗinsa yake ji ya mayar da shi wasa. A sauke shi a hankali kan kujera ko sanda mafi kusa, a juya masa baya na ɗan lokaci, sannan kai ka mayar da shi keji ba faɗa. Ciwon a wanke da sabulu da ruwa mai gudu sosai a saka aidin, in ya yi zurfi ko a fuska ne ko ya kumbura washegari a tafi asibiti a kuma tambaya maganar allurar tetanus. Bayan nan ka zauna ka tuna me ya faru daƙiƙa goma kafin cizon, kusan kullum zaka samu an yi sauri ne, sai a koma baya mataki biyu.

Akwai wani cizon na daban, na kishi. Aku mai shekara uku zuwa biyar ya fara balaga, yakan zaɓi mutum ɗaya a gida ya ɗauke shi abokin zama, har ya riƙa amayo masa abinci, sai ya kai wa duk wanda ya matso kusa da mutumin hari, wani lokaci ma shi masoyin yake cizo don ya kore shi daga wajen "haɗari". In naka haka yake, kai ne zaka ja baya, ka daina shafa masa baya, tukuici mafi daɗi ya koma hannun matarka ko wanda yake tsana, kuma darasi da baƙo a yi shi kana bakin ƙofa ko ka fita gaba ɗaya, da yawansu in mai su ba ya ɗakin sai su zama salihai.

Lafiyar baƙin ma hakki ne a kanka. Akwai zazzaɓin aku da mutum ke ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashin tsuntsu mai ɗauke da cutar, yana zuwa kamar mura mai zafi da ciwon kai da tari har ya taɓa huhu, ana maganinsa in an gaya wa likita akwai tsuntsu a gida. Mai juna biyu, tsoho tukuf, jariri, mai asma da wanda jikinsa ba ƙarfi su gaisa da shi daga nesa, dama mai jar wutsiya yana zubar da wata farar ƙura kamar hoda daga gashinsa. A yayyafa ruwa a ƙasan keji kafin a share, kar a share shi a bushe ana baƙi zaune.

In ka ga bayan zuwan baƙi ya fara figar gashin ƙirjinsa, ko ya daina magana, ko ya rage ci, tsayar da komai na sati biyu, in figar ta ci gaba a kai shi likita don ba kullum damuwa ce ke kawo ta ba. Wani akun kuma musamman kamun daji da ya girma iyakar inda zai kai shi ne ya zauna a kejinsa yana cin abincinsa baƙi na falo bai firgita ba, ni a wajena wannan ya wadatar, dama abun da ake nema ya samu mutum biyu ko uku da za su iya bashi abinci su ɗauke shi a sanda ranar da tafiya ta kama ka ko za a kai shi asibiti. Nawa yanzu yana hawa sandar mutum huɗu, yana karɓar dabino a hannun kusan kowa, in aka yi sallama shi yake fara amsawa da muryata har mutane su shigo suna zaton ina ciki. Kawu dai har yanzu a kofi yake jefa masa, daga nesa, hannun riga a naɗe.